Watan da Ba Shi da Talatin

Ranar Litinin biyu ga Maris, azumi ya doshi rabi, aka wayi gari an ɓalle ƙofar biro, wato ofishin ƙungiyar makiyayan Rijiyar Jimrau, wanda ke bayan kasuwar dabbobi ta Dakwaro. An ɗauke akwatin ƙarfen da ake ajiya a ciki. Sakataren ƙungiyar ya ce akwai jikka ɗari tara, wato sefa dubu ɗari tara, a cikinsa, kuɗin ruwan wata guda.

Ba yawan kuɗin ne ya fi tayar wa mutane hankali ba. Bara ƙungiyar ta ci bashin famfo mai aiki da hasken rana, aka kafa shi a rijiyar, can kan hanyar Tagiris. Yarjejeniyar ita ce duk talatin ga wata banki da kansa zai cire kason bashin daga asusun ƙungiya ya tura wa kamfanin da ya kafa famfon, ba sai wani ya sa hannu ba. Aikin ƙungiya kawai ta tabbatar kuɗin na cikin asusu kafin ranar. In biyan ya makara da kwana bakwai, kamfani na da ikon zuwa ya kwance kayansa. Ga zafi ya soma, tafkuna sun ƙafe tun Disamba, kuma shanun rugage sama da arba'in a rijiyar nan suke sha.

Kafin rana ta ɗaga, jama'a sun gama yanke hukunci. Salihu ne, mai gadin biron, Bafillacen da shanunsa suka ƙare a wani fari ya shigo gari neman abin yi. Shi da bakinsa ya ce ya bar ƙofa ya tafi sahur da sallar asuba, da ya dawo ya tarar da ita a buɗe. Ga kuma sawun takalmin tayarsa ya fita daga biron ya yi arewa. Wani dillali ya kai masa mari, wasu suka fara neman sanduna. Ajidan Mamani, babban jami'in jandarmomi, ya zo ya jefa shi a mota, rabi don kamu, rabi don kada a kashe shi.

Shugabar ƙungiyar, Hajiya Naja'atu, mace ce mai garke nata na kanta, ba ta da gaggawa. Ta aika a kira mata Abarci.

Abarci ya haura saba'in. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun raƙuma da shanun sata daga Dakwaro har bakin daji, kuma bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa. Siriri ne, idanunsa ƙanana, kullum da sanda a kafaɗa. Da ya iso bai tambayi kowa komai ba. Ya roƙi kowa ya tsaya inda yake, ya zagaye ƙofar yana jan layi da sandarsa, sannan ya tsuguna ya daɗe yana kallon ƙasa, har masu surutu suka gaji suka yi shiru don kansu.

Shi da Ajidan suka bi sawun. Ya ratsa bayan mahauta, ya fita gari, ya shiga gonakin da aka girbe. Ajidan na ta share gumi, Abarci na tafe a hankali, wani lokaci ya koma baya taku goma ya sake dubawa. A wuri biyu ya nuna inda mai tafiyar ya ajiye akwatin ya huta. A wani wurin kuma ya nuna inda ya yi kwana mai nisa don ya kauce wa ƙarangiya.

A cikin wani kwazazzabo, tafiyar rabin sa'a daga gari, suka sami akwatin. An fasa murfinsa da dutse, ba komai a ciki. Ajidan ya ce magana ta ƙare, takalmin Salihu ne ya kawo su nan, sai a koma a matsa masa ya faɗi inda ya binne kuɗin.

Abarci ya leƙa wata bukka da ke kusa ya aro rariya wurin matar gidan. Ya zauna a bakin akwatin yana tankaɗe rairayi, tafi bayan tafi, har ya gama da duk inda aka yi fasawar. Bai sami komai ba sai tsakuwa da ɓallin fenti.

"Mi kake nema, Baba?" in ji Ajidan.

"Kuɗin ruwa nike nema. Makiyayi ba ya biyan ruwa da takarda, da ƙarfe yake biya, dala biyar, dala goma. Mutum ya fasa akwati cike da ƙarfuna da dutse, cikin gaggawa, a ce ko ɗaya bai yi tsalle ya faɗa rairayi ba?"

Sai ya ja shi ya nuna masa sawu biyu, na zuwa da na komawa. Zurfinsu kusan ɗaya ne. Wanda ya ɗauko kaya mai nauyi, ya ce, dunduniyarsa kan nutse, takunsa kan buɗe gefe da gefe. Wannan akwatin nauyin ƙarfensa kawai gare shi. Tun daga biro babu komai a cikinsa. Game da takalmin kuma, na Salihu ne ba shakka, ga inda ya ɗinke maɗaurin hagu da waya. Amma ƙafar da ke ciki ta fi takalmin ƙanƙanta, tana zamewa gaba, kuma takun gajere ne, irin na wanda ya saba da daɓe.

Ajidan ya ce ya ji, amma alƙali a kotu ba zai karɓi zurfin rairayi a matsayin shaida ba. Abarci ya ce ya sani, shi ya sa bai ce ya gama ba.

A jandarmari suka tarar da Salihu zaune a ƙasa, kuncinsa ya kumbura. Abarci ya gaishe shi da Fulatanci, ya tambayi iyalinsa, sannan ya tambaye shi takalmansa nawa. Ya ce biyu. Ɗaya na ƙafarsa, tsohon kuma yana rataye a ƙusa cikin zauren biron, inda kowa ke gani. Abarci ya roƙi a fito da shi tsakar gida ya taka rairayi. Salihu ya tafi ya dawo da dogon takun mutumin da ya girma a bayan shanu, yatsun ƙafarsa na karkata ciki. Ajidan ya dubi sawun, ya ga ba irin na kwazazzabo ba ne.

Tun da akwatin wofi aka ɗauka, to wani mai makulli ne ya kwashe shi tun da farko. Makullan biyu ne. Ɗaya na hannun ma'aji, Zakiru, ɗaya na hannun sakatare.

A kasuwa an riga an fara raɗe-raɗin Zakiru. An gan shi ranar Juma'a ya sayi buhun sukari biyu da rago, shi da aka sani da riƙe hannu. Abarci ya same shi a rumfarsa ta sayar da dusa. Zakiru ya fusata da jin zancen, ya ce gyaɗarsa ya sayar, buhu shida, kuma ya kira sunan wanda ya saya da sunan mai awo. Sukarin na surukansa ne, ragon kuma na sunan jikarsa. Abarci ya bar shi ya huce, sannan ya tambaye shi yadda kuɗin suke. Zakiru ya ce ranar Alhamis da la'asar ya ƙirga su a gaban sakatare. Takardu jikka ɗari bakwai da arba'in, sauran duk ƙarfuna ne, cikin jakar tsumma biyu da shi kansa ba ya iya ɗaga su da hannu ɗaya. Ya kulle su a akwati, da sharaɗin sakatare zai kai banki da safiyar Juma'a kamar yadda aka saba.

Da Zakiru ya tashi raka shi, Abarci ya dubi ƙafarsa ta dama da take ja tun wani haɗarin amalanke. Ba ita ce ta je kwazazzabo ba. Duk da haka ya bi ta wurin mai awon gyaɗa ya tabbatar, don kada a ce ya wanke mutum da ido kawai.

Sakataren shi ne Mushe Yakubu, kamar yadda ake kiran malaman lakwal. Shekara talatin ya yi yana koyarwa kafin ya ajiye aiki, rabin ma'aikatan garin ta hannunsa suka bi, har da Ajidan Mamani. Shi ke karanta wa ƙungiya duk wata takardar Faransanci, shi ya karanta musu yarjejeniyar famfo, kuma wayarsa banki ke aika wa saƙo. Bai taɓa karɓar ko dala ba a kan wannan aiki.

Ya karɓi Abarci a tsakar gidansa mai daɓen siminti, ya shimfiɗa masa tabarma. Da aka tambaye shi dalilin da kuɗin suka ƙara kwana uku a akwati, sai ya ɗauko kalanda ya yi bayani dalla-dalla irin na malami. Ranar Juma'a da safe ya je banki da kuɗin, ya ce, ya tarar da layi har waje saboda ƙarshen wata, masu albashi sun cika wurin, ga azumi, ga banki na rufewa kafin sallar Juma'a. Ya tsaya har ƙafarsa ta gaji, sai ya mayar da kuɗin akwati. Hankalinsa kwance ya yi hakan, domin ya san ƙa'ida: in ranar cirewa ta faɗo Asabar ko Lahadi, banki ba ya taɓa asusu sai Litinin. Watan ya ƙare ranar Asabar, saboda haka ya yi niyyar kai su da safiyar yau. Ya ce sakacin nasa ne, kuma ba zai yafe wa kansa ba. Ya ƙara da cewa shi bai so a taɓa Salihu ba, talauci ne ke sa mutum abin da bai yi niyya ba.

Abarci ya roƙe shi ya maimaita zancen Asabar da Litinin, ya ce kansa ya tsufa. Mushe ya maimaita cikin haƙuri. Abarci ya yi godiya ya tashi. Mushe ya raka shi iyakar daɓen, da takalminsa sau-ciki, ya tsaya a nan.

Bayan la'asar Abarci ya je gidan Hajiya Naja'atu. Ya same ta ranta a ɓace. Mutumin kamfani ya kira ta daga Maraɗi, ta ce, ya gaya mata kwana bakwai ɗin sun fara ƙirguwa tun ranar Juma'a, saboda haka Juma'a mai zuwa za su turo mota. Ta yi masa gardama cewa yau ne ranar biya. Da ta gaya wa Mushe, ya ce mata kuskure suka yi, ko kuma so suke su ci tara, ta bar masa zai rubuta musu takarda.

Abarci ya juya sandarsa a hannu. Can ya ce, "Hajiya, mutum biyu sun ba ni rana biyu. Ɗaya ya ce Juma'a, ɗaya ya ce Litinin. Gobe ki raka ni wurin wanda ke cire kuɗin, mu ji daga bakinsa."

Ranar Talata da safe Abarci ya shiga banki karon farko a rayuwarsa. Ya tuɓe takalmansa a ƙofa, mai gadi ya ce ba sai ya tuɓe ba. Aka kai su wurin Madam Ramla, wadda ke kula da asusun ƙungiyoyi. Ta ce ba ta da ikon buɗe asusu ga kowa sai mai sa hannu. Hajiya ta miƙa katinta, ta ce duk abin da tsohon nan ya tambaya a ba shi amsa.

Abarci ya ce shi bai san komai ba a nan, ta yi masa kamar yaro. Madam Ramla ta yi murmushi ta fara. Ranar cirewa talatin ga wata ce. In talatin ta faɗo ranar da ba a aiki, injin na jira sai ranar aiki ta gaba. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani layi a ƙasan wancan a cikin yarjejeniyar: watan da ba shi da talatin, ana cirewa ne a ranar aiki ta ƙarshe a cikinsa. Fabrairu a ashirin da takwas ya tsaya, kuma Asabar ce, don haka injin ya nemi kuɗin ranar Juma'a ashirin da bakwai, da ƙarfe goma na safe. Bai sami komai ba. Bashin a Afrilu aka fara biyansa, wannan ne Fabrairunsa na farko.

Abarci ya nemi ashana. Ya zazzage ta a kan tebur, ya roƙe ta ta karanta masa ranakun da aka zuba kuɗi tun farko, ɗaya bayan ɗaya. Duk watan da ta karanta ya ajiye tsinke. Takwas suka jeru gefe guda, duk an zuba su kwana ɗaya ko biyu kafin talatin. Biyu ya ware gefe: na Agusta, da aka zuba ranar Litinin ɗaya ga Satumba, da na Nuwamba, da aka zuba ranar Litinin ɗaya ga Disamba. Ya tambaya ko talatin ɗin waɗannan watanni a ranar hutu ta faɗo. Ta duba ta ce ɗaya Asabar, ɗaya Lahadi.

Ya tambaye ta ko ta tuna wani abu game da kuɗin waɗannan Litinin biyu. Ta ɗan yi tunani, sai ta ce ta tuna, don ta ji daɗinsu. Kowane wata sai ta ɓata rabin sa'a tana ƙirgar ƙarfunan ƙungiyar nan, hannunta har baƙi yake yi. Amma a waɗannan ranaku biyu takardu zalla aka kawo, masu taushi, masu warin kara irin na kasuwar dabbobi.

Sai ya tambayi layin ranar Juma'a. Ta ce layi kam an yi, amma na masu ɗauka ne. Ƙarshen wata kowa ɗauka yake yi. Tagar masu zubawa ita ke zaune a kanta, kuma mutum uku kawai ta gani har aka tashi. Mushe Yakubu ba ya cikinsu.

"Amma mun yi magana da shi," in ji ta. "Saƙon cewa ba a sami kuɗi ba ya tafi wayarsa goma da kwata. Goma da rabi ya kira ni. Na ce masa in ya kawo kafin mu rufe, zan sake turawa ba tara. Ya ce ba ya gari. Ya tambaye ni ko za a iya jira zuwa Talata."

Hajiya Naja'atu ta dafe tebur da hannu biyu. Abarci ya tattara tsinkayen ashanar ya mayar cikin kwalinsu ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa mai ita. Ya tambayi Madam Ramla ko za ta iya faɗin wannan a gaban mutane. Ta ce in shugabar ƙungiya ta nema a rubuce, za ta zo da takarda bayan an tashi aiki.

Daga banki Abarci ya taka zuwa biron ƙungiya yana ƙirga takunsa. Sauran yinin ya yi shi a kasuwar dabbobi, yana zaune cikin dillalai kamar mai hira, yana tambayar wanda ya yi lodin raguna zuwa kudu a ƙarshen makon nan, da wanda ya yi a ƙarshen Agusta da ƙarshen Nuwamba. Suna ɗaya ya yi ta fitowa, wani dillali Rabo.

Bayan la'asar aka taru a tsakar biron. Hajiya da dattawan ƙungiya na kan tabarmi, Zakiru a gefe yana ta huci, Mushe Yakubu a kan kujera da littafinsa na rubuta zaman taro. Ajidan ya kawo Salihu. Madam Ramla ta zo da takarda a cikin jaka. Abarci ya hana a bar 'yan kallo su shigo, ya sa aka rufe ƙofa.

Ya fara da abin da ƙasa ta nuna masa: takalmin Salihu da ƙafar da ba tasa ba, akwatin da aka ɗauka wofi, rairayin da ba ƙarfe ko ɗaya. Ya ce Zakiru ya sayar da gyaɗa, mai awo ya shaida. Sannan ya juya wurin Mushe, ya yi magana da ladabi kamar yadda kowa ke yi masa.

"Mushe, yaushe ka san banki ya nemi kuɗi bai samu ba?"

"Jiya, da Hajiya ta gaya mini zancen kamfani."

"Ranar Juma'a da hantsi kana ina?"

"Na gaya maka, Baba Abarci. Ina cikin layin banki."

Abarci ya dubi Madam Ramla. Ta fito da takardar ta karanta lokacin saƙon da lokacin kiran, ta maimaita abin da suka faɗa wa juna, ba ta ƙara ba ta rage ba.

"Na auna da ƙafata," in ji Abarci. "Daga ƙofar ga zuwa banki taku ɗari uku da ashirin ne. An ce maka kawo yanzu ba tara, kana da sa'a biyu. Wanda kuɗi ke cikin akwatinsa, makulli na aljihunsa, ba ya roƙon a jira shi Talata. Ran nan kuɗin sun riga sun bar gari. Suna wurin Rabo."

Mushe Yakubu ya rufe littafinsa. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallonsu. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta malamin da aka sani ba ce. Ya ce wata goma sha huɗu ke nan takardun fanshonsa na yawo tsakanin ofisoshi, bai ga ko dala ba, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa. A Agusta ya lura kuɗin ƙungiya za su iya kwana uku ba wanda ya neme su. Ya ba Rabo, Rabo ya sayi raguna a kasuwannin arewa ya sayar wa masu lodi ranar Lahadi, Litinin da safe uwar kuɗi ta shiga banki, ribar suka raba. A Nuwamba ma haka. Wannan karon ya miƙa kuɗin tun asubahin Juma'a, bai tuna da layin nan na Fabrairu ba, shi da ya karanta wa mutane yarjejeniyar da bakinsa. Ko da saƙon ya zo, Rabo ya yi nisa. Ya sa rai za a sayar ranar Lahadi ya biya tarar daga aljihunsa, sai mai lodin bai zo ba. Raguna ashirin da biyu na nan a wani garke a Birnin Lalle. Ya san Litinin kamfani zai kira Hajiya, shi kuma ba shi da abin nunawa. Sai ya tuna da lokacin da Salihu ke tafiya masallaci, da takalmin da ke rataye a ƙusa.

Zakiru ya miƙe zai yi magana, Hajiya ta ɗaga masa hannu ya zauna. Ta dubi Mushe ta ce da ya zo mata da zancen fanshonsa, da saniya ta sayar ta ba shi, kuma ba wanda zai ji. Kuɗin ma da ya juya, ta ce, ana iya zama a yi magana a kansu. Abin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba shi ne ya zauna a gidansa jiya yana ji ana dukan bawan Allah a kan abin da shi ya aikata.

Ajidan Mamani ya matso, ya tsaya a gaban mutumin da ya koya masa karatu, ya ce a hankali, "Mushe, mu tafi." Bai sa masa ankwa ba.

Washegari jandarmomi suka je Birnin Lalle tare da mutum biyu na ƙungiya, suka taho da Rabo da ragunan. Ba lokacin jiran kasuwa, don haka Hajiya ta tara makiyayan da ke cikin gari ta ce kowa ya sayi abin da zai iya a kan kuɗin da aka saye su. Ita ta ɗauki biyar, Zakiru ya ɗauki biyu yana gunaguni. Abin da ya rage na giɓi da tara aka yi karo-karo. Ranar Alhamis kafin azahar Madam Ramla ta tura kuɗin da hannunta, ta kira kamfani ta tabbatar sun gani. A zaman da aka yi daga baya aka sa saƙon banki ya riƙa zuwa waya uku, aka kuma sa Madam Ramla ta rubuta musu ranakun cirewa na shekara guda, wata bayan wata, aka manna a bangon biro.

Salihu kuwa tun daren Talata aka ba shi izinin tafiya gida, amma Abarci ya roƙi Ajidan ya bar shi ya kwana a jandarmari, shi zai zo ya ɗauke shi da kansa. Ajidan bai gane dalili ba, amma ya yarda.

Ranar Laraba da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, Abarci ya zo. Ajidan ya ce ga mota za ta kai su. Abarci ya ce a ƙasa za su tafi. Ya kama hannun Salihu, suka fito. Akwai gajeriyar hanya ta bayan asibiti zuwa unguwar su Salihu, amma Abarci ya bi da shi ta tsakiyar kasuwa, ta layin masu dusa, ta mahauta, ta rumfunan dillalai. Duk rumfar da suka zo sai ya tsaya ya yi sallama, ya ce, "Ga Salihu, mun fito." Ba ya ƙara komai, ba ya kuma matsawa sai mai rumfar ya miƙo hannu sun gaisa. Wasu suka gaisa suna kallon ƙasa. Wasu suka ba da haƙuri. Wata mai sayar da dabino ta ƙulla masa mudu a leda ta tura masa.

A rumfar ƙarshe dillalin da ya yi marin ke zaune. Da ya hango su ya tashi zai zame ta baya. Abarci ya kira sunansa, ba da ƙarfi ba, ya tsaya yana jira da hannun Salihu cikin nasa. Mutumin ya dawo, ya tsuguna a gaban Salihu cikin mutane, ya roƙe shi ya yafe masa. Salihu ya dube shi, ya ce azumi ake yi, ya yafe.

Tafiyar da ba ta wuce ta minti goma sha biyar ba ta ɗauke su har kiran azahar. A ƙofar gidan, matar Salihu ta fito tana kuka, tana neman abin da za ta ce wa tsohon. Abarci ya saki hannun mijinta, ya ce mata a dafa ruwan zafi a gasa masa kuncin nan, sannan ya saɓa sandarsa ya nufi masallaci.